Yadda ake saka mahaɗi zuwa shafin wani ba tare da an taka haƙƙinsa ba

Wanda ya nuna wa baƙo ƙofar gidan mai unguwa ba sai ya nemi izinin mai unguwa ba. Haka mahaɗi yake, ko linki kamar yadda aka fi faɗa: kwatance ne kawai. Rigima tana farawa ne idan ka shiga gidan ka ɗauko tabarma.

Da farko, buɗe shafin da kanka ka karanta. Abu biyu za ka duba: a buɗe yake ga kowa? Mai abin ne ya ɗora shi? A 2014 Kotun Tarayyar Turai ta yanke, a shari'ar Svensson, cewa saka mahaɗi zuwa abin da mai shi ya bari a fili ba keta haƙƙin mallaka ba ne. A 2016 kuma, a shari'ar GS Media, ta ce wanda ke neman riba da shafinsa ana ɗauka ya san kayan sata idan ya tura mutane gare su. Hukuncin Turai ne, amma ko a nan, mai raba linkin fim ɗin Kannywood da aka sato aka zuba a Telegram ai ya san abin da yake yi.

Na biyu, faɗi sunan mai abin. “Danna nan” ba ta gaya wa kowa komai. Rubuta sunan jaridar da abin da labarin ya ƙunsa. A 1996 jaridar Shetland Times ta Sikotilan ta maka abokiyar gasarta, Shetland News, a kotu saboda Shetland News tana jera kanun labaran Shetland Times a shafinta tana tura masu karatu kai tsaye zuwa labaran. Da aka sasanta, sharaɗin shi ne kowane mahaɗi ya nuna ƙarara labarin na wane ne.

Na uku, kuma nan ne mutanenmu suka fi zamewa: ɗauki layi biyu ko uku, ka bar sauran a gidan mai shi. Kwafe labari tun daga kai har ƙafa, sannan a liƙa “daga shafin wane” a ƙasa, ba ya wanke kowa. Wa zai je can bayan ya karanta komai a wurinka? Hoto ma haka. Wasu suna jawo hoton kai tsaye daga sabar mai shi, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinsa, ya bayyana a shafinsu alhali shi ke biyan kuɗin. Wannan daidai yake da jona waya a mitar maƙwabci. Kuma ranar da ya gano, yana iya sauya hoton da abin da zai ba ka kunya a gaban masu karatunka.

Idan hoto, tambari ko dogon rubutu kake so, nan izini ya wajaba. Saƙon ba sai ya yi tsawo ba: “Assalamu alaikum Malam. Ina neman izinin amfani da hotonka na marinar Ƙofar Mata a rubutuna, da sunanka da mahaɗi zuwa shafinka. Na gode.” Ajiye amsar. In ya yi shiru, bai yarda ba.

Linkin shiga zauren WhatsApp shi ma mabuɗin ɗaki ne, kada ka watsa shi sai admin ya amince.

Idan biyanka aka yi don ka saka mahaɗi, gaya wa masu karatu talla ce, ka kuma sa wa mahaɗin alamar rel="sponsored" wadda Google ya fito da ita a 2019 don gane mahaɗan talla.

Bayan ’yan watanni koma ka danna tsofaffin mahaɗanka. Wanda ya mutu, nemi kwafinsa a Wayback Machine, shafin da ke adana kwafin tsofaffin shafukan intanet. Wanda adireshinsa ya faɗa hannun masu caca, cire shi a take.