Kurakuran da ke hana zuciya halarta, har firasa ta dushe

Na yi kusan shekara biyu ina jan carbi bayan sallar asuba, amma rabin zaman lissafin kuɗin makarantar yara nake yi. Yatsu na aiki, baki na motsi, zuciya kuwa ta riga ta isa kasuwa. Duk da haka mamaki nake yi yadda wasu dattawa ke kallon mutum sau ɗaya su gane damuwarsa, ni ko alama. Abin da suke da shi malamai ke kira firasa, wato hasken da Allah ke jefawa a zuciyar mumini har ya hango abin da ya kuɓuce wa wasu. Ƙofarta kuma halartar zuciya ce: ka kasance a inda kake, a lokacin da kake ciki. Shi ya sa sufayen farko ke cewa sufi ɗan lokacinsa ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bautar lissafi. A ɗariƙar Tijjaniyya, lazimin safe da na yamma istigfari ne 100, salati 100, hailala 100. Adadin yana da matsayinsa, babu mai ja. Amma tun da ƙananan na'urorin ƙirga da ake sawa a yatsa suka cika gari, za ka ga mutum yana latsawa yana ciniki, yana latsawa yana duba WhatsApp, da yamma ya yi murnar ya kai dubu biyar. Ka tambaye shi ko sau nawa ya ji ma'anar “astagfirullah” ta taɓa shi, sai ya yi shiru. Maganin shi ne rage gudu. Kafin ka fara, ka zauna shiru na ɗan lokaci har numfashinka ya daidaita, ka ji nauyin jikinka a kan darduma, ka ji sanyin alwala a fuskarka. Wayar a bar ta a wani ɗaki. Ko Manzon Allah (SAW) ya mayar wa Abu Jaham wani mayafi mai zane saboda ya ɗauke masa hankali a salla, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. To ina ga wayar da ke yin ƙara duk minti ɗaya?

Wasu kuma da suka lura hankalinsu na yawo sai su fusata, su hau faɗa da tunani kamar mai korar kaji daga shanya. Ka kore su ta nan, su dawo ta can. Ƙarshenta mutum ya ce shi zikirinsa ba ya karɓuwa, ya ajiye carbi. Shehu Ibnu Aɗa'illahi, malamin sufanci wanda ya rasu a Alƙahira a 1309 Miladiyya, ya yi gargaɗi a kan wannan: kada a bar zikiri don rashin halartar zuciya, domin gafala daga zikirin gaba ɗaya ta fi muni a kan gafala a cikinsa. In tunani ya zo, ka lura da zuwansa, ka dawo kan lafazin ba tare da tsangwamar kai ba. Ko sau hamsin ne a zama ɗaya. Dawowar nan ita ce horon.

Akwai kuma raina haƙƙin jiki. Hadisi ya hana salla idan an ajiye abinci ko mutum yana matse da fitsari ko bayan gida, ya kuma ce mai gyangyaɗi ya je ya yi barci. Wanda ya kwana kallon bidiyo har ƙarfe biyu kada ya zargi shaiɗan da safe.

Inda na fi son a tsaya shi ne ɗaukar duk abin da ya ɗarsu a rai a matsayin ilhama. Nan mutane da yawa suka halaka zumunci. Malaman tasawwufi sun kasa abin da ke ɗarsuwa a zuciya gida huɗu: na Ubangiji, na mala'ika, na son rai, da na shaiɗan. Biyu cikin huɗu ke nan ba abin bi ba ne. Ni kaina na taɓa faɗawa. Wani maƙwabcina ya yi kwana uku yana amsa gaisuwata a daƙile, fuska a murtuke. Zuciyata ta ce min hassada ce, don na sayi babur a makon. Har na fara kauce wa ƙofar gidansa, ina ganin Allah ne ya nuna min shi. Rana ta huɗu na gan shi a bakin kemis, kumatu a kumbure. Ciwon haƙori ne. Da na dube shi da kyau tun ranar farko, da na ga yadda yake dafe muƙamuƙi. Ban duba ba, saboda na shagala da labarin da na ƙulla a kaina.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi tun daga ranar. Abin da ya zo da gaggawa da zafi, yana zuga ka ka yanke wa wani hukunci ko ka ga fifikonka, ka tuhume shi. Abin da ya zo a natse, ya kwana ya tashi bai canza ba, bai saɓa wa shari'a ba, yana tura ka ga alheri kamar duba mara lafiya ko mayar da haƙƙi, wannan ka saurare shi. Ko shi ɗin ma ba hujja ba ne a kan kowa. Alƙur'ani ya ce sashen zato zunubi ne.

Daga nan wasu ke zarcewa su rikita firasa da duba. Mai bugun ƙasa da boka da'awar sanin gaibu suke yi, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Mai firasa na gaskiya ba ya kafa allo, ba ya karɓar kuɗi, sau da yawa ma ba ya faɗin abin da ya gani. Haka batun istihara: raka'a biyu ce da addu'a, sannan shawara da ci gaba da al'amari. Jiran mafarki ba sharaɗi ba ne, amma za ka ga an ajiye maganar aure wata uku ana jiran a ga farin doki.

Na ƙarshe, tsare halartar zuciya a kan darduma kaɗai. Ana sallame wuridi sai a koma sauraron mutane da rabin kunne. Wata gwaggona, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa cewa tana da wani sirri ba, amma in ka shigo ɗakinta sai ta ajiye tsintar shinkafar da take yi, ta juyo gaba ɗaya. Daga yadda ka cire takalmi take ganewa ko ka ci abinci. Ka gwada irin nata sau ɗaya a yini: in matarka ko ɗanka ko abokin cinikinka na magana, ka kife wayar, ka dubi fuskarsa, kada ka fara shirya amsa sai ya kai aya.