"Me kake ragewa?": motsa jiki a Ingila da maganar mutane

Idan ka zo Ingila ka fara fita sassarfa da safe, tambayar farko daga namu za ta fito, galibi a ƙofar masallaci bayan Juma'a: "Malam, an ce an gan ka kana gudu a fili. Kai da ba ka da teɓa, me kake ragewa?" Idan kuwa kana da jiki, bayan wata biyu wani zai shafa maka ciki yana dariya, ya ce kuɗin gidan motsa jiki dai sun tafi, tumbi yana nan daram. Duka biyun sun ɗauka aikin motsa jiki ɗaya ne, rage nama, kuma sikeli ne alƙali.

Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. A gida mun taso ana kallon cikar jiki a matsayin alamar kwanciyar hankali, amarya ta yi ɓul-ɓul a ce gidan ya karɓe ta, mutum ya rame a fara tambayar ko lafiya. Shi ya sa ranar da Hajiya ta ga fuskarka ta ɗan faɗa a kiran bidiyo hankalinta zai tashi, ta ce ba ka cin abinci, ko kuwa aiki ne ya yi maka yawa. Kada ka tsaya yi mata lacca. Ka ce, "Hajiya, don hawan jini nake yi, irin wanda ya kama su Baba, likitocin nan sun ce tun yanzu ake tare shi." Iyaye sun san hawan jini da ciwon suga, sun ga abin da suka yi wa dangi. Da ka ambace su za ka ji ta koma sa maka albarka.

Turawan kuma iri biyu za ka tarar. A gidajen motsa jiki na kuɗi, musamman a watan Janairu lokacin da tallar rage ƙiba ke cika ko'ina, takardar rajista za ta tambaye ka burinka, kuma rage nauyi na cikin abin da za ka fara gani. Mai horarwa zai iya ɗora ka a sikeli tun ba ka ce komai ba. Kana da damar cewa ba wannan ya kawo ka ba, kana son ƙarfin zuciya da numfashi ne, ko ƙarfin baya da gwiwa. Ba za su ji haushi ba, sun saba. Ka dai karanta yarjejeniya da kyau, wasu wuraren suna ɗaure mutum shekara guda ana cirar kuɗi daga asusunsa kowane wata ko ya je ko bai je ba. Irin su PureGym da The Gym Group wata-wata ake biya, kana iya dainawa. Ka kuma leƙa cibiyar wasanni ta ƙaramar hukumarku, da yawa suna yi wa ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi rangwame.

Iri na biyu za ka same su ranar Asabar da ƙarfe 9 na safe a filayen shaƙatawa, a taron da ake kira parkrun. An fara shi a 2004 a Bushy Park da ke Landan, yanzu ya bazu ko'ina a ƙasar. Kilomita 5 ne, kyauta, rajista sau ɗaya kawai a intanet. Ka je ka tsaya a gefe ka yi kallo ko da ba za ka shiga ba. Za ka ga tsohuwa mai furfura ta wuce samari, ga mai tura jariri a keke, ga ƙaton mutum yana haki yana tafe a hankali, jama'a na yi masa tafi daidai da yadda suka yi wa na farko. Akwai ma ɗan sa-kai da aikinsa shi ne ya zo a ƙarshe, don kada kowa ya zama na kashin baya. A nan ba wanda zai tambaye ka nauyinka. Abin da za a tambaye ka shi ne ko ka ji daɗi, ko za ka dawo mako mai zuwa.

Wannan ya kawo mu ga bakinmu. A nan ba a yi wa mutum magana kan jikinsa, ko da yabo ne. "Kin yi ƙiba, ma sha Allah" da muke faɗa da zuciya ɗaya, idan ka juya ta da Turanci ka faɗa wa abokiyar aiki, tana iya kai ka gaban manaja. "Ka rame" ma haka, don ba ka san ko rashin lafiya ce ba. Idan abokin aiki ya ce maka yana gudu ko ninƙaya, tambaye shi inda yake zuwa da yadda yake ji, ka bar zancen kilo.

Dalilin da ya sa nake ganin bai kamata mu bar sikeli ya yi mana hukunci ba yana cikin alƙaluman hukumar lafiya ta NHS kanta. Baƙar fata ɗan asalin Afirka haɗarin kamuwa da ciwon suga nau'i na 2 yana fara hawa masa tun daga shekara 25, alhali ga Bature sai daga 40. Ma'aunin BMI, wato awon nauyin mutum gwargwadon tsawonsa, shi ma an rage mana shi: daga 23 an shiga yawan nauyi, daga 27.5 ƙiba ce, maimakon 25 da 30. Hawan jini kuma ya fi yawa a cikinmu, ba ya kuma duba siranta. Mutum zai kasance siriri, babbar riga tana yi masa yawa, jininsa na sama bai sani ba. Can kuma ga mai jiki da ya yi wata shida yana tattaki, sikeli bai motsa sosai ba, amma jininsa ya sauka, sugansa ya daidaita, yana barci, yana hawa bene ba ya tsayawa a tsakiya. Masu zolayarsa ba sa ganin wannan, likitansa yana gani a takardar gwaji.

Abin da NHS ke nema ga babba minti 150 ne a mako na motsi matsakaici, wato wanda kana iya magana a cikinsa amma ba ka iya waƙa, ko minti 75 na mai tsanani, sai kwana biyu na abin da ke ƙarfafa tsoka. Tafiya da sauri ta isa. Mai son gudu ya sauke manhajar Couch to 5K, kyauta ce, mako 9, sau uku a mako, ana farawa da minti guda na sassarfa ana sirka shi da tafiya. Idan kana son awo a gida, nemi igiya ka auna tsawonka, ka lanƙwasa ta gida biyu daidai, ka zagaya cikinka daidai saman cibiya kaɗan. In ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya fara yawa. Wanda ya kai 40 zai iya auna hawan jininsa kyauta a kantunan magani da yawa a Ingila, kuma daga 40 zuwa 74 ana gayyatar mutum gwajin lafiya duk shekara biyar, muddin ya yi rajista da likitan unguwa, wato GP. Masu aikin kula da tsofaffi da na sito kan ce ai su wuni suke a tsaye. Gajiya ce ta gaske, amma tsayuwar awa goma sha biyu ba ta sa zuciya bugun da tafiya mai sauri ta rabin awa ke sa ta.

Mata su suka fi shan magana, kuma daga cikin gida. Matar aure ta sa takalmin gudu, sai ka ji ana raɗa: wa take yi wa, ko maigidan ne ya ce ta yi ƙiba? 'Yar'uwa, in an tambaye ki ki ce don gwiwa da baya ne, kuma ki ja mai tambayar ku tafi tare, sau da yawa ita ma so take, kunya ce ta hana ta. Ba sai kin canza shigarki ba. Ana gudu da hijabi da doguwar riga a filayen nan, ba wanda ya ɗauke shi abin mamaki. A garuruwa irin su Birmingham, Bradford, Leicester da gabashin Landan, wuraren ninƙaya da dama suna ware sa'o'in mata zalla. Ki tambaya tun farko ko mai tsaron ruwan ma mace ce a lokacin, don ba ko'ina ake tabbatar da hakan ba. Maigida kuma, taimakonka a nan shi ne ka riƙe yara na awa guda, kuma kada ka riƙa tambayarta ko ta ragu.

Lokacin da yawancin sababbin zuwa ke dainawa shi ne hunturu. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, ga yayyafi, ga iska, sai mutum ya koma daga aiki zuwa kujera, daga kujera zuwa gado. Masu cewa "da ma mun san ba za ka ɗore ba" a nan suke jira. Ka mayar da tattakinka lokacin hutun rana, ko ka sauka daga bas tasha biyu kafin gida. In da duhu za ka fita, sa riga mai ƙyalli don masu mota su gan ka, ka bi titi mai fitilu. Ka kuma sayi ƙwayar bitamin D, NHS na ba da shawarar maikrogram 10 kullum a kaka da hunturu, mu masu duhun fata kuwa duk shekara, ana samunta a kowane babban kanti ba sai da takardar likita ba.