Kurakuran da aka fi yi wajen musun wa ya fi kowa iya kaɗa jita

Duk wanda ya daɗe yana sauraron kiɗan jita, na Amurka ne ko na Kwango ko na Agadas, ya taɓa faɗawa cikin musun nan: wa ya fi kowa? Musu ne mai daɗi, ba na kuma neman a bar shi. Abin da ke ɓata shi wasu kurakurai ne da ake ta maimaitawa, har a kwashe awa biyu ana ɗaga jijiyar wuya alhali kowa tambayar da yake amsawa daban.

Na farko, wanda kusan kowa ke faɗawa ciki, shi ne cakuɗa gwanin da kake so da wanda ya fi tasiri ko ƙwarewa. Idan kiɗan Carlos Santana ne ke sanyaya maka rai, babu mai ja da kai, kunnenka ne. Amma da zarar ka ce ya fi kowa, ka shiga filin da ake neman hujja. Gyaran mai sauƙi ne: kafin a fara, a yarda da abin da ake aunawa. Gwanintar yatsu ce? Ƙirƙirar salon da ba a taɓa ji ba? Yawan makaɗan da suka kwaikwayi mutum? Kowace tambaya da nata zakaran, kuma da wuya mutum ɗaya ya cinye duka.

Ɗaukar jerin mujalla tamkar hukuncin kotu

Da yawa daga cikin masu musu ba kunnensu suke karewa ba, jerin sunayen da suka gani suke karewa. Wanda aka fi kafa hujja da shi shi ne na mujallar Rolling Stone ta Amurka. Ta fitar da jerin mutum 100 a 2003, ta sake wani a 2011, sannan a 2023 ta faɗaɗa shi zuwa 250. Jimi Hendrix ne na ɗaya a dukkansu, wannan bai motsa ba. Amma dubi Eric Clapton: na 4 ne a 2003, ya hau na 2 a 2011, a 2023 kuma ya gangaro na 35. Ba hannunsa ne ya lalace tsakanin waɗannan shekaru ba, faifansa na da can suna nan yadda suke. Masu zaɓen ne suka canza, ma'auninsu ma ya canza. A 2011 makaɗan jita ne da masana suka jefa ƙuri'a, a 2023 ma'aikatan mujallar da marubutanta ne suka tsara.

To wanda ya riƙe lamba ya ce wane na 2 ne a duniya, sai a tambaye shi: a wace shekara, a bakin wa? Amfanin irin wannan jeri shi ne ya nuna maka sunayen da ba ka sani ba, ka je ka saurara. Kuma ka riƙa tunawa mujallar kiɗan rock ce, ta Amurkawa, masu karatunta ma yawanci can suke. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Shi ya sa ba za ka ga an ba Paco de Lucía, gwanin flamenco na Sifaniya da ya rasu a 2014, matsayin da masu sauraronsa za su ba shi ba, balle Andrés Segovia, wanda ya shigar da jita manyan zaurukan kiɗan gargajiyar Turawa.

Auna gwaninta da saurin yatsu

Wannan kuskuren ya fi kama matasa, kuma gajerun bidiyoyin waya sun ƙara masa ƙarfi, domin sauri ne abin da ido ke saurin gani. A ga yatsu na gudu a wuyan jita sai a ce an gama magana. Alhali telan da ya fi kowa saurin taka keke ba lallai ne shi ya fi iya ɗinki ba.

B.B. King, wanda ya rasu a 2015 yana da shekara 89, bai shahara da gudu ba ko kaɗan. Yakan danna tsirkiya ɗaya, ya ja ta sama, ya girgiza yatsansa a kanta har sautin ya yi kamar muryar mutum, sannan ya yi shiru ya bar wurin a buɗe. Wannan shirun yana cikin kiɗan. Manyan makaɗan rock na Ingila na shekarun 1960, har da Clapton ɗin, daga irinsa suka koyi abin da suka zo suka shahara da shi. Django Reinhardt kuwa gobara ce ta ƙone masa hannun hagu a 1928 yana ɗan shekara 18, yatsu biyu suka shanye. Da ragowar biyun yake kaɗa yawancin zubinsa, kuma har yau masu kiɗan jazz a Turai suna bin sawunsa. Tony Iommi ma injin masana'anta ne ya datse masa kan yatsu biyu yana matashi. Ya yi musu hula da roba, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu, sautin ya yi kauri ya yi nauyi, kuma wannan nauyin yana cikin tushen kiɗan da ake kira metal.

Bahaushe bai kamata ma ya faɗa wannan rami ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya riƙe jama'a shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa ƙirga masa bugu nawa yake yi a minti. Abin da ake saurara shi ne inda ya sa bugun da inda ya ɗaga hannu. Da wannan kunnen ya kamata a saurari jita. Ba wai sauri aibi ne ba. Eddie Van Halen yana da shi, kuma tun daga 1978 ya canza yadda dubban makaɗa ke taɓa jita, saboda yana danna tsirkiya da yatsun hannu biyu a wuyan jitar. Amma shi saurin nasa yana da inda ya dosa. Gwajin da nake ba da shawara shi ne ka kife wayar, ka saurara ba tare da kallo ba. In bayan an gama za ka iya rera wani yanki da bakinka, akwai abu a wurin.

Mantawa da masu riƙe kiɗan

Akwai mai fitowa gaba ya yi zubi shi kaɗai a tsakiyar waƙa, akwai kuma wanda ke riƙe da zaren kiɗan tun daga farko har ƙarshe. Na farkon ake tafa wa, na biyun ne ke sa ƙafa motsi. Jimmy Nolen, makaɗin James Brown, yakan maimaita ɗan gajeren bugu ɗaya na tsawon mintuna ba tare da ya kauce ko kaɗan ba, kuma wanda ya taɓa gwadawa ya san wannan ya fi gudu wuya. Haka Nile Rodgers, haka makaɗan jitar ƙungiyar Fela Kuti a Legas, waɗanda jita biyu ke saƙa bugu cikin bugu har waƙa ta wuce minti goma sha biyar. Shi kansa Hendrix kafin duniya ta san shi, a bayan mawaƙa irin su Little Richard da Isley Brothers ya yi zaman riƙe kiɗa, kuma ana jin wannan horon a hannunsa ko a lokacin da yake hauka da lasifika. Idan za ka gyara wannan kuskure, ɗauki waƙar da ka sani sarai, ka ƙi bin muryar mawaƙin, ka bi jitar da ke ƙarƙashinta kawai.

Sai kuma auna na da da ma'aunin yau. Za ka ji an ce yaro ɗan shekara goma sha biyar a YouTube yana kaɗa duk abin da Hendrix ya kaɗa. Gaskiya ne, yana kaɗawa, domin an riga an share masa hanya. Hendrix ya rasu a 1970 yana da shekara 27, kundi uku kacal ya fitar da ƙungiyarsa tsakanin 1967 da 1968, kuma ƙarar da sauran makaɗa ke gudu idan jita ta matso kusa da lasifika, ita ya mayar kayan aiki. Charlie Christian, wanda ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939 ya rasu a 1942, yana cikin na farkon da suka nuna jitar lantarki za ta iya tsayawa gaba kafaɗa da kafaɗa da kayan busa. Kowa a auna shi da abin da ya tarar.

Tsallake Afirka, ko shigo da ita ta ƙofar baya

Wannan ne ya fi ba ni haushi, domin mu ne muke yi wa kanmu. Sai ka ji mutum ya jero sunaye goma daga Ingila da Amurka, bai ambaci Franco Luambo na Kwango ba, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar OK Jazz a 1956, ya zo ya jagorance ta har rasuwarsa a 1989, kuma kiɗansa ya mamaye gidajen rediyo daga Kinshasa har Nairobi. Bai ambaci Docteur Nico ba, shi ma ɗan Kwango. A Najeriya akwai Sir Victor Uwaifo na Benin, da Oliver De Coque, da King Sunny Adé wanda ke jera jita da yawa a ƙungiya ɗaya kowace da nata aikin. A Mali akwai Ali Farka Touré na Niafunké, wanda ya fara da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya kafin ya riƙi jita, ya ci kyautar Grammy da Ry Cooder, ya sake ci da Toumani Diabaté, ya rasu a 2006 yana magajin garinsu.

Ga kuma na kusa da mu, kiɗan jitar Abzinawa. Ƙungiyar Tinariwen ta ci Grammy a 2012. Bombino, ɗan yankin Agadas, shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar wannan kyauta, a bikin 2019. Mdou Moctar, bahago kamar Hendrix, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, kundinsa na farko kuma a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa. Ta katin waya da tura wa juna waƙoƙinsa suka zaga Sahel kafin wani kamfani a waje ya san da shi. Wannan kaɗai ya isa ya kashe wani ƙaramin kuskuren, wato ɗaukar cewa sai da jita mai tsada ta kamfanin Fender ko Gibson ake zama gwani.

Amma akwai kuskure na biyu a ɓoye a nan. Idan an tashi yabon waɗannan mutane, sai a ce wane shi ne Hendrix na Sahara, ko Ali Farka mai kiɗan blues ne na Afirka. Yabo ne mai rage daraja, domin ya mayar da ma'aunin can waje. Ali Farka bai yarda cewa daga Amurka ya ɗauko kiɗansa ba, a wurinsa tushen yana nan gida. Wanda ya saba da kiɗan gurmi ko molo ko garaya zai ji dangantakar nan take: tsirkiya ɗaya tana riƙe da amo a ƙasa ba ta canzawa, sauran suna yawo a kanta, kiɗan yana zagayawa maimakon ya miƙe. Wanda ya zo yana jiran irin sauye-sauyen kiɗan Turawa zai ce abu ɗaya ake ta maimaitawa, kuma kunnensa ne bai zauna ba tukuna. Kada kuma kishi ya kwashe mu zuwa ɗaya gefen, mu ce namu sun fi kowa don kawai namu ne. A sa su a teburin, a saurare su da natsuwar da ake ba sauran.

Mata ma haka ake tsallake su. Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jitar lantarki da ƙarfi tun shekarun 1940, kafin a san Chuck Berry ko Elvis Presley, amma sai 2018 aka shigar da ita zauren karramawa na Rock and Roll, shekara 45 bayan rasuwarta. A jerin Rolling Stone na 2023 ita ce ta 6. Elizabeth Cotten bahaguwa ce da ta juya jitar 'yan dama ba tare da ta sake jera tsirkiyoyin ba, don haka babban yatsanta ne ke fitar da waƙar, sauran yatsun na riƙe ƙasa, salon da har yau da sunanta ake kiransa. A Nijar akwai Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, wadda ta haɗa jita da kiɗan tende na matan Abzinawa.

Duk waɗannan ba sa gyaruwa da yanki na daƙiƙa talatin. Kafin ka ɗaga wani ko ka kayar da shi, nemi wasan da ya yi a gaban jama'a, inda babu damar gogewa a sake, ka saurare shi daga farko har ƙarshe, da abin sauraro na kunne idan da hali, domin lasifikar waya tana cinye ƙananan sautuka. Sannan ka nemi abin da ya naɗa a farkon tashensa da wanda ya naɗa bayan shekara goma ko ashirin, ka ji ko hannun ya ci gaba da neman sabon abu ko ya tsaya inda aka fara tafa masa.