Yadda Ake Haɗa Fenti da Aikin Zare a Kan Yadi

'Yar'uwa, ki fara da sayen rabin yadi na farin akoko a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, da zare kala uku, allura, fentin yadi da ƙaramin burushi. Ki wanke akokon ya fitar da sitacinsa, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Ki goge shi.

Sai ki zana abin da kike so da fensir, siriri-siriri. Ni dagin Arewa na fi so, don layukansa suna shiga juna, zare na fitowa da kyau a kansu.

Fenti ne farko, zare daga baya. A nan nake son ki natsu. Ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ki sirka fentin da ɗan ruwa kaɗan, ki shafa da sauƙi. In ya yi kauri, yadin zai ƙandare, allura ta ƙi shiga. Na taɓa yin gaggawa da damina, na soma ɗinki bai gama bushewa ba, farin zarena ya rine da shuɗi, na yi ta warwara har dare. Ki bar shi ya kwana. Da hunturu yana saurin bushewa, amma ki kare shi daga ƙura.

Washegari ki goge shi da dutsen guga ta baya don launin ya zauna. Ki ɗaure yadin a zoben katako ya miƙe sosai, sannan ki bi gefen zanen da ƙananan ɗinki, ki bar tsakiya fentin ya fito. Kada zaren ya wuce tsawon kamu ɗaya, yana harɗewa. Ki ƙulle ta baya, ki yanke saura.