Yadda Bazazzagi Zai Ziyarci Layol Ya Ga Abin da Ta Gada

Duk wanda karatu ko taro ya ɗauke shi daga Zariya zuwa Faransa, ina ba shi shawara ya ware kwana biyu ya nufi Laguiole, wadda mutanenta ke kira Layol, ƙaramin gari mai mutum kimanin 1,200 a kan tudun Aubrac. Jirgin ƙasa ba ya zuwa can, saboda haka a sauka a birnin Rodez da ke yankin a nemi mota, kuma a riƙe rigar sanyi, domin tsayin wurin ya kai mita 1,000.

Idan da hali, a je a ƙarshen watan Mayu. Bisa al'ada, ranar 25 ga Mayu makiyaya ke haurawa da shanu makiyayar tudu, an yi musu ado da furanni da ƙararrawa, ba sa saukowa sai 13 ga Oktoba. Wanda ya saba ganin Fulani suna tashi da garke ba zai ji baƙunta ba. A nemi ganin tsofaffin bukkokin dutse da makiyayan ke yin cuku a ciki a da.

Amma abin da ya fi cancantar a ɓata lokaci a kansa shi ne maƙera, domin da wuƙar aljihu garin ya yi suna. Kada a tsaya a kanti, a shiga inda ake aikin, a ga yadda ake goge ƙahon saniya har ya zama ƙota mai sheƙi, da yadda ake zana ɗan ƙudan zuman ƙarfe da ke bayan wuƙar. A tambayi tsinken da ke jikin wasu: a da, da shi makiyayi ke huda cikin saniyar da ɗanyar ciyawa ta kumbura, iska ta fita, ta tsira. Kafin a biya kuɗi a tabbatar da sunan maƙerin da inda aka ƙera ta, domin akwai masu ɗauke da sunan garin alhali daga Sin ko Pakistan suka fito. In za a hau jirgin sama, a sa ta cikin babban akwati, ba jakar hannu ba.

Abincinsu, aligo, dankalin Turawa ne da ake tuƙawa da sabon cuku har ya riƙa yauƙi. Sau da yawa da naman alade ake kawo shi, don haka tun kafin a zuba a ce shi kaɗai ake so.