Yadda ake tara ƙananan zanzaro don rubuta sunayensu a Kumasi

Muna nufin ƙananan nan masu saka ƙwai a jikin tsutsa, irin dangin Braconidae da Ichneumonidae.

Da farko ka sayi robobi masu launin rawaya guda goma a kasuwar Kejetia. Su ne tarkon: launin ne ke jawo zanzaron. Ka zuba ruwa zuwa rabi, ka ɗiga sabulun ruwa digo biyu, don in babu sabulu sai su taka ruwan su tashi. Ka jera robobin a gefen gonar koko ko masara, taku biyar tsakani. Da damina ka huda ƙananan ramuka kusa da baki, in ba haka ba ruwan sama ya cika su ya kwashe komai.

Bayan kwana biyu ka tace da kyalle, ka ɗauraye, ka sa zanzaron a kwalba cikin itanol, wato barasar da ke hana su ruɓewa, mai ƙarfin kashi 70 cikin 100.

Takardar bayani ita ce aikin. Da fensir za ka rubuta, biro na narkewa: gari, unguwa, kwanan wata, shukar da ke wurin, sunan mai tarawa. Cikin kwalbar ake sa ta, ba a manne ta a waje. Suna kuma, ka tsaya kan dangi har sai masani ya duba jijiyoyin fuka-fuki da madubin ƙara girma.