Masu ƙananan madatsun ruwa, ku cire ragar nan daga mafitar rara

Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya. Mutum ya tare rafi a filinsa don ya samu tafkin ninƙaya da kamun kifi, ya kira ni in zo in gani, ina isa sai in tarar da irin ɓarnar da na yi da hannuna shekarun baya. Gara in rubuta kowa ya karanta.

Babban laifi shi ne wasa da mafitar rarar ruwa, wato hanyar da aka yanka a gefe don ruwa ya fice idan tafki ya cika. Madatsar da aka gina da ƙasa tana jure ruwa a gabanta shekara da shekaru, amma ba ta jure ruwa a kanta. Da zarar ya tsallake bango, sai ya soma cin bayan bangon, ramin ya yi ta tahowa gaba har ya cim ma tafkin. Ni na san wannan, amma son kifi ya rufe mini ido. Na kafa ragar waya a bakin mafita don kada kifina su gudu. Wani dare aka kwana ana ruwa, ganye da karare suka liƙe ragar kamar an saƙa tabarma. Da asuba na fito da tocila na tarar saura kamar taki ɗaya ruwa ya hau bango, a wani ɗan kwari ma ya riga ya fara zubowa. A cikin ruwa har ƙirji na yanke wayar nan, jikina na rawa. Kifin da nake tattali duk suka tafi, gyaran bayan bangon kuma ya cinye mini rani guda.

Abin takaici, wautar ba sabuwa ba ce. Madatsar South Fork a jihar Pennsylvania ta Amurka ta wata ƙungiyar attajirai masu farauta da kamun kifi ce. Sun rage tsawon bangon don hanyar keken doki ta yi faɗi, sun kuma sa raga a mafita saboda kifi. Ranar 31 ga Mayu, 1889 ruwa ya haye ta, ta fashe, mutum 2,209 suka halaka a Johnstown da kewaye. To kai da kake jera buhunan yashi a mafita don ruwa ya ƙara zurfi yara su ji daɗin iyo, me kake nema? Kwashe su yau. Ni yanzu ko sanda ba na bari a wurin, kuma duk ruwan da aka yi sai na je na duba da ƙafata.

Na biyu, itatuwa a kan bango. Inuwa da daɗi, na sani, ni ma na dasa. Saiwa tana bin danshi, ta ratsa cikin bango. Ranar da itacen ya mutu ko ka sare shi, saiwar ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya kamar bututu. Iska kuma idan ta tuge shi, da ƙasar bangon take tafiya. Wani ya ce mini ai ya sare nasa, shi ke nan. Ina! Kututturen da ka bari shi ne masifar, sai bayan wasu shekaru za ka ga aikinsa. Ƙananan tsiro a yanke su tun suna ƙanana. Manya kuwa, a rage ruwa tukuna, a tono kututture da saiwa, a cike da yumɓu ana daɓewa kaɗan-kaɗan, kuma injiniya na tsaye a wurin. Gajeriyar ciyawa kaɗai nake yarda da ita a kan bango, don tana riƙe ƙasa, kuma ba ta ɓoye tsaga.

Sai tsatstsafo. Kusan kowace madatsar ƙasa tana ɗan tsatstsafar da ruwa, wannan bai isa tashin hankali ba. Launinsa ake kallo. Ina da kwalba fara da nake ɗiba da ita in ajiye ta kwana. Idan ruwan garau yake, kuma yawansa bai ƙaru ba, sai in rubuta kwanan wata in wuce. Idan laka ta kwanta a gindin kwalbar, to bangon ne ke fita a hankali. Kada ka danna ƙasa a bakin ramin ka ce ka toshe, ruwan zai nemi wata ƙofa. Rage tafkin, ka kira masani a ranar.

Amma kada ka zuƙe ruwan gaba ɗaya a kwana ɗaya sai dole ta kama, domin fuskar bangon da ta jiƙe tana iya zamewa cikin tafki.

Ramukan gafiya da gidan gara, a tone a cike. Shanu kada su mai da bango hanyar mashaya. Bawul, wato makunnin bututun da ke fitar da ruwa ta ƙarƙashin bango, a riƙa murɗa shi lokaci-lokaci, in ba haka ba ranar buƙata za ka same shi ya yi tsatsa ya ƙi motsi. Yara kada su yi iyo kusa da bakin bututu ko inda ruwa ke faɗowa, wurin yana juya mutum ya riƙe shi.

Akwai kuma masu cewa tawa ƙarama ce, kuma a filina take. Ruwan ba zai tsaya a iyakar filinka ba. Madatsar Kelly Barnes a jihar Jojiya ta Amurka ba wata babba ba ce, amma da ta ɓalle cikin daren 6 ga Nuwamba, 1977, mutum 39 ta kashe, akasari suna barci. Sauka ka bi rafin da ƙafa, ka ƙirga gidaje da hanyoyin da ke ƙasa da kai, ka karɓi lambobin wayarsu. Ka tambayi hukumar ruwa ta yankinka ko madatsarka na buƙatar izini da dubawa. Nawa lambobin a jikin ƙofar ɗaki na manna su, kusa da inda nake rataye tocila.